Kwali a bango, aiki a hannun wani: wa ke riƙe da kwamfutocin gwamnati?

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana aiki a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja ya san irin safiyar da intanet ke ɗaukewa a daidai lokacin da ake jiran wata takarda mai gaggawa a ofishin babban sakatare. Ya kuma san wanda ake nema a irin wannan safiya. Ba kasafai ake buga wa mai manyan kwalaye a bango waya ba. Wanda ake aikawa a kira, sau da yawa, wani matashi ne da ke mataki na 6 ko na 7, ko ɗan hidimar ƙasa da ya rage masa wata uku ya kammala, ko ma'aikacin wucin gadi da sunansa ba ya cikin jerin masu albashi. Shi zai durƙusa a ƙarƙashin tebur ya bi waya, ya buɗe akwatin na'urori, ya gano cewa wani ya cusa kebul inda bai dace ba. Kafin azahar komai ya dawo daidai, a ce masa sannu da ƙoƙari, kowa ya koma kujerarsa. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, ko aka tashi tura mutane bita, babu mai tuna sunansa, domin fayil ɗinsa ba ya ɗauke da takardar da ake nema.

Shekaru 20 da suka wuce wannan ƙaramin lamari ne, domin a lokacin kwamfutar ofis keken rubutu ce mai allo, idan ta ƙi aiki sai a ɗauko biro. Yanzu zamani ya juya. Tun 2007 aka fara biyan albashi ta tsarin IPPIS, a 2012 aka shigo da GIFMIS domin kasafi da kashe kuɗi, a 2015 aka tattara kuɗaɗen gwamnati a asusun bai-ɗaya na TSA. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya tsayar da ƙarshen shekarar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar fayil ɗin takarda su koma na kwamfuta. Ma'ana, albashin ma'aikaci, da tarihin aikinsa, da takardun sirrin minista, da kuɗin ɗan kwangila, duk sun rataya a kan na'urorin da wani mutum ke kula da su. Tambayar ko mutumin nan ya iya aikinsa ta wuce gardamar masu sana'a a tsakaninsu, ta zama tambayar ko za a yi albashi a ƙarshen wata.

Abin da ya sami hukumar JAMB a 2025 ya isa misali. A watan Mayu shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye, ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya samu tangarɗa, kuma sai sun sake zama jarrabawa. Bayanin da hukumar ta yi shi ne an yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai kai ga wasu daga cikin manyan na'urorin da ke hidima ga cibiyoyin ba. Ba harin masu kutse ba ne, ba kuma gobara ba ce. Mataki ɗaya ne na aikin hannu da aka tsallake, ba a kuma gano ba sai da sakamako ya fita. Ba a kawo wannan domin a tuhumi wani da rashin takarda ko rashin ƙwarewa ba. An kawo shi ne domin a ga girman abin da ke hannun ma'aikacin fasaha, da kuma cewa ranar da abu ya lalace ba kwalin kowa ake tambaya ba, abin da aka yi da abin da aka bari ake tambaya.

To, ta yaya gwamnati ke sanin wanda ya iya? A halin da ake ciki, hanya ɗaya ta fi dogara a kai, ita ce takarda. Kundin tsarin aikin gwamnati ya jera mutane bisa kwalin da suka shigo da shi: mai ƙaramar difiloma ya fara daga mataki na 6, mai digiri daga mataki na 8, kuma shi ne ke da buɗaɗɗiyar hanya har zuwa mataki na 17 na darakta. Mai babbar difiloma ta HND, wanda a bisa tsarin karatunsa ya fi daɗewa a ɗakin gwaji, an daɗe ana tsayar da shi a mataki na 14 sai idan ya ƙaro wata takardar. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma wa'adin gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙare ba a sa masa hannu ba. Idan haka mai HND ya sha, sai a ƙiyasta halin wanda ya koya wa kansa aikin. Shi kundin bai ma san da zamansa ba.

Adalci shi ne a faɗi dalilin da ya sa aka riƙe takarda haka, domin ba wauta ba ce. Bahaushe ya kira ta takardar shaida, kuma sunan ya bayyana aikinta. Shaida mutum ne da ya ce na gani da idona. A makarantun zaure malami ba ya ba almajiri ijaza sai ya saurare shi ya karanta littafin a gabansa, kuma sunan malamin ne ke tafiya da takardar, idan almajirin ya kunyata, malamin ya kunyata. Maƙeri ko magini ba ya yaye yaronsa sai ya ga aikin hannunsa ya tsaya. Gwamnati ba za ta iya zama da kowane mai neman aiki shekara huɗu ba, shi ya sa take karɓar shaidar jami'a. Ban da haka, a ƙasar da kowane gurbin aiki ke da masu nema ɗaruruwa, kuma kowane mai nema yana da wanda zai buga waya a madadinsa, sharaɗin takarda katanga ne da ke hana wani babba ya turo ɗan ƙanwarsa ya ce ai ya iya kwamfuta. Wanda duk ke kiran a rushe katangar nan ba tare da ya gina wata ba, ya buɗe ƙofar alfarma ne, ko da bai yi niyya ba.

Matsalar ita ce shaidar ta yi rauni, kuma an ci gaba da karɓarta kamar ba abin da ya faru. A ƙarshen Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya wallafa yadda ya sayo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida, bai shiga aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, har ya yi amfani da shi aka tura shi hidimar ƙasa. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo, a watan Agusta kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum 22,000 da ke yawo da irin waɗannan takardu. Wannan shaidar zur ce a fili. Akwai kuma wadda ba ta ƙarya ba ce amma ba ta faɗi komai ba. Ɗalibi na iya kammala digirin kwamfuta na gaskiya alhali mafi yawan manhajar da ya rubuta a takardar jarrabawa ya rubuta ta, saboda ɗakin gwaji ba shi da isassun na'urori ko ba wuta. Hukumomin ilimi da kansu sun san da giɓin: a Disambar 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da sabuwar manhajar karatu wadda ta ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, a Janairun 2024 kuma hukumar NBTE ta raba HND ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ciki har da tsaron intanet da ƙirƙirarriyar basira. Gyara ne mai kyau, sai dai amfaninsa zai bayyana ne a waɗanda za su fito nan gaba. Waɗanda ke kan kujeru a yau da tsohuwar manhaja aka yaye su.

Ya kamata kuma a daina zuba takardu duka a kwando ɗaya, domin iri uku ne. Akwai digiri ko difiloma, wanda ke shaida cewa mutum ya bi karatu mai tsari na shekaru. Akwai takardar ƙwarewa ta kamfanoni da ƙungiyoyin sana'a, irin su Cisco da Microsoft da CompTIA, wadda ke shaida cewa ya ci jarrabawa a kan wani fanni takamaimai. Sai ta uku, takardar halartar bita, wadda ba ta shaida komai sai cewa mutum ya zauna a ɗakin taron otal kwana uku ya sa hannu a rajista ya karɓi alawus. Abin takaici, ta ukun nan ce ta fi cika fayil ɗin ma'aikata, kuma ita ce ta fi cin kuɗin horaswa. Ta biyun ma ba ta tsira ba, domin akwai shafuka da ke sayar da tambayoyin jarrabawar da aka sato, mutum ya haddace su kamar karatun aku, ya ci, ya fito da takardar sarrafa na'urar da bai taɓa riƙewa da hannunsa ba.

A ɗaya ɓangaren, ga wanda ya koya wa kansa. Duk mai shakkar cewa ana iya koyon fasaha ba tare da aji ba, ya leƙa Banex Plaza a Wuse 2, ko kasuwar waya ta Farm Center a Kano, ko Computer Village a Ikeja. Zai ga samari da ba su wuce sakandare ba suna cire ƙwayar da ba ta kai girman ƙwayar gero ba daga allon waya su mayar da wata. Haka kuma akwai dubbai da suka koyi rubuta manhaja ko sarrafa Linux daga YouTube da littattafan kyauta, da tsohuwar kwamfuta, da datar dare. Abin da irin wannan koyo ke bayarwa, wanda aji ba ya cika bayarwa, shi ne sabo da lalacewa. Wanda ya ɓata kwamfutarsa sau 50 ya gyara ta da kansa ya koyi yadda ake bin sawun matsala: a fara da abin da ya fi sauƙi, a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a karanta saƙon kuskure maimakon a tsorata da shi. Ya kuma koyi abin da ya fi komai tsada a wannan sana'a, wato yadda ake koyon sabon abu ba tare da jiran a tura mutum kwas ba. A fannin da kayan aikinsa ke sauyawa duk bayan 'yan shekaru, wannan ɗabi'a ta fi kowace takarda daɗewa tana amfani.

Amma shi ma yana da nasa ramin, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Wanda ya koya wa kansa yakan san abin da ya taɓa cin karo da shi ne kawai, bai san faɗin abin da bai sani ba. Zai iya sa abu ya yi aiki yau ta hanyar da za ta buɗe ƙofa ga ɓarawo gobe: ya kashe katangar tsaro domin firinta ta yi aiki, ya ba kowa kalmar sirri ɗaya domin a daina damunsa, ya ɗora manhajar sata a kwamfutar da ke ɗauke da takardun gwamnati, ya yi shekara yana adana kwafin bayanai bai taɓa gwada ko za su dawo ba. Irin wannan shi ake kira gyaran gangar Auzinawa. Sau da yawa kuma ba ya rubuta abin da ya yi, ko dai don bai saba ba, ko don ya lura cewa ilimin da ke kansa shi kaɗai shi ne kawai kariyarsa a wurin da ba a ba shi matsayi ba. Ranar da ya samu aiki a banki ko kamfanin waya, sai ya tafi da taswirar ma'aikatar gaba ɗaya a ƙwaƙwalwarsa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a a Yunin 2023, irin wannan sakaci ya zama abin da doka za ta iya tuhumar ma'aikata a kansa. Karatu mai tsari ne ke koya wa mutum dalilin ƙa'idojin da mai koyon kansa ke ɗauka ɓata lokaci ne.

Saboda haka labarin da ake yawan ja wa matasa, cewa Bill Gates da Mark Zuckerberg sun bar jami'a suka yi arziki, yaudara ce idan ba a cika shi ba. Jami'ar da suka bari ita ce Harvard, kuma sai da suka cancanci shiga kafin suka fita. Haka nan littafin da tsohon ministan sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, ya fitar a 2022 kan fifita ƙwarewa, wanda ya jawo muhawara mai zafi, taken nasa cewa ya yi kada a tsaya ga digiri kaɗai, kuma marubucin da kansa mai digirin digirgir ne. Matashin da ya ji rabin zancen ya jefar da karatunsa, a ƙasar da har yanzu kundin aikinta ke tambayar kwali a ƙofa, ya cuci kansa.

Abin lura shi ne masu sana'ar a duniya sun daɗe da warware wannan gardama a aikace. Takardun da suka fi daraja a wurinsu su ne waɗanda ba a samunsu sai an yi aikin a gaban mai dubawa. Jarrabawar CCIE ta kamfanin Cisco tana da zaman ɗakin gwaji na awa 8. Jarrabawar Red Hat ba ta da zaɓi-ka-cika, na'ura ake ba mutum a ce ya saita ta. Jarrabawar OSCP ta tsaron intanet tana ba mutum kusan awa 24 ya kutsa cikin na'urorin gwaji, sannan ya rubuta rahoton yadda ya yi. Takardar CISSP kuwa ba a cika wa mutum ita sai ya nuna shekara 5 na aiki a fannin. A duk waɗannan an mayar da takarda asalinta ne, ta zama shaidar wanda ya gani.

Gwamnatoci ma sun bi wannan hanya. Tun 2005 ma'aikatar tsaron Amurka ta wajabta wa masu kula da tsaron kwamfutocinta mallakar takardun ƙwarewa da aka amince da su, domin ta san ba kowane aiki ake bar wa mai cewa na iya ba. Amma ita dai wannan ƙasar, a Yunin 2020 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a rage dogaro da digiri wajen ɗaukar ma'aikatan tarayya a koma auna ƙwarewa, a Afrilun 2024 gwamnatin Joe Biden ta sanar da sauya tsarin ɗaukar ma'aikatanta na fasahar sadarwa zuwa wannan turba, a Disambar shekarar kuma ya sa hannu kan dokar da ta ƙarfafa hakan. Shugabanni biyu da ba sa ga maciji da juna sun haɗu a kan abu ɗaya: a gwada mutum. Ba a ce Najeriya ta kwafi Amurka ba, yanayin ya bambanta. Darasin kawai shi ne sharaɗin takarda da gwajin aiki suna iya zama a ma'aikata ɗaya.

A nan gida akwai wani saɓani da ya kamata ya dami masu tsara manufofi. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha, aka fara da rukunin mutum 30,000. Kuɗin jama'a ake kashewa a kai. To, idan wata yarinya daga Gusau ko Damaturu mai takardar sakandare ta kammala shirin, ta ƙware a nazarin bayanai, ta zo ƙofar wata ma'aikatar tarayya, a wane mataki za a ɗauke ta, kuma da wane suna? Idan amsar ita ce sai ta je ta yi digiri tukuna, to gwamnati na horar da mutane ne da hannun dama tana rufe musu ƙofa da hagu, tana kuma roƙon kamfanoni masu zaman kansu su amince da shaidar da ita kanta ba ta karɓa.

Sakamakon wannan tsari a bayyane yake. Ƙwararren da ba shi da hanyar hawa yakan tafi. Wanda ya rage da takarda amma ba hannu yakan koma rubuta takardar neman a ba da kwangila. Aikin da ya kamata ma'aikacin cikin gida ya yi cikin sa'a biyu sai ya zama kwangilar miliyoyi, sau da yawa kuma ɗan kwangilar matashin nan na ƙarƙashin tebur zai nemo da yamma ya ba shi ɗan wani abu ya yi aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ma'aikatar da ba ta da mai iya duba aikin ɗan kwangila kuwa, duk abin da aka kawo mata sai ta sa hannu ta biya.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Na farko, duk gurbin aikin fasahar sadarwa, ko na ɗauka ko na ƙarin girma, a sa masa gwajin aiki. A ba mai nema na'urar da aka ɓata da gangan ya gyara, a ba shi kwafin bayanai ya dawo da su, a ba shi manhaja mai kuskure ya gano, sannan ya rubuta shafi ɗaya na abin da ya yi ta yadda wani zai iya bi. Mai digiri ya zauna, mai HND ya zauna, wanda ya koya wa kansa ya zauna. Domin kada gwajin ya zama sabuwar ƙofar alfarma, a fitar da ma'aunin maki tun kafin ranar, a kawo masu dubawa daga wajen ma'aikatar, a ɓoye sunaye, a adana abin da kowa ya yi a na'ura ta yadda wanda aka zalunta zai iya ɗaukaka ƙara. Ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi ba ta hana wannan ba, sai a yi rabon a cikin waɗanda suka ci.

Na biyu, a buɗe wa mai koyon kansa hanyar samun shaida. Hukumar NBTE tana da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQ, wanda ya tanadi auna abin da mutum ya koya a wajen makaranta. Majalisar CPN, wadda doka mai lamba 49 ta 1993 ta kafa domin rajistar masu sana'ar kwamfuta, da hukumar NITDA da ke aiki tun 2001, suna da hurumin da za su haɗu da ita su fitar da matakan fasahar sadarwa, Majalisar Tsarin Ma'aikata ta Ƙasa kuma ta faɗi ƙarara matakin albashin da kowanne ya yi daidai da shi. A cikin abin da za a auna lallai a sa tsaro da doka da rubuta bayanin aiki, wato daidai wuraren da mai koyon kansa ke da rauni.

Na uku, a karkatar da kuɗin bita zuwa jarrabawar gaske. Kuɗin zama jarrabawar CCNA dala 300 ne. A kan Naira 1,500 kowace dala, Naira 450,000 ke nan, fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, kuma takardar shekara 3 take yi sai an sabunta ta. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya wannan daga aljihunsa ba, alhali kuɗin da ake kashewa a kai mutum 20 otal na kwana uku zai biya wa da yawa daga cikinsu. Ma'aikata ta biya wa wanda ya nuna ya shirya, ya sa hannu cewa zai yi mata aiki na wasu shekaru, idan ya ci a lissafa masa a ƙarin girma.

Na huɗu, a yi wa masu aikin hannu tsaninsu. A yanzu hanyar hawa ɗaya ce, mutum ya bar na'ura ya koma sa hannu a fayil. Ta haka ake rasa injiniya nagari a samu shugaba maras daɗi. Ya kamata ƙwararre ya iya kaiwa babban mataki da albashinsa yana nan a kan aikin da ya iya.

Hadiman ministoci da mataimakan manyan sakatarori suna da rawar da ta fi yadda suke zato, domin su ne ke rubuta daftarin farko na sanarwar ɗaukar aiki, da sharuɗɗan kwangila, da jerin masu zuwa horo. Layi ɗaya da za su ƙara, cewa za a gwada masu nema a kan na'ura, ko cewa injiniyoyin da kamfani ya jera takardunsu a neman kwangila su ne za su zo wurin aikin da kansu, zai iya hana asarar da ba za a gano ba sai bayan shekara. Idan kuma maigida ya tambayi wanda za a tura kwas, ba laifi ba ne a tuna masa da sunan wanda ake kira ranar da intanet ya ɗauke.

Shi kuma ma'aikacin, ba sai ya jira an sauya kundi ba. Mai kwali da ya san hannunsa ya yi sanyi, ya ajiye girman kai, ya nemi tsohuwar kwamfuta ya mayar da ita ɗakin gwajinsa, ya zauna kusa da yaron da ke ƙasa da shi ya ga yadda yake yi. Tambaya ba ta rage wa darakta daraja, sa hannu a kan abin da bai fahimta ba ne ke ragewa. Wanda ya koya wa kansa kuwa, kada fushin an raina shi ya sa ya raina takarda. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana karɓar ma'aikata ba tare da sun bar aiki ba. Ya yi rajista, ya cike giɓin da ke iliminsa, ya kuma fara ajiye littafin duk aikin da ya yi da kwanan wata da sa hannun shugabansa, domin wannan ma shaida ce.

Magabata sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwamnatin da ba ta ba direba motar ofis sai ta ga ya tuƙa, bai kamata ta miƙa albashin ma'aikatanta da bayanan 'yan ƙasa ga mutumin da takardarsa kawai ta gani ba, bai kuma kamata ta bar su a hannun wanda ta ƙi ba matsayi ba. Zama na gaba da za a yi na ɗaukar jami'in kwamfuta a kowace ma'aikata, a ajiye na'ura ɗaya a kan tebur kusa da fayil.